Na Ce Wa Ƙanena Ɗan Fari Kaɗai Ake Ba Fasfon Ingila

Assalamu alaikum admin, da duk masu bibiyar wannan shafi, Allah ya sa kuna lafiya. Don girman Allah a sakaya sunana. Sunayen da za ku gani a ciki ma duk na canza su, saboda yankinmu ƙarami ne, in ka yi tari a Kura sai an ce maka sannu daga Bunkure. Roƙona ɗaya, ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Zagin kam na san na cancanta, ni kaina na riga ku yi wa kaina. Abin da na rasa shi ne wanda zai ce mini ga hanya. Na rubuta saƙon nan na goge, na sake rubutawa na goge, yanzu dai na ce ko me zai faru sai na tura shi, domin na kai inda ba na iya zama wuri ɗaya. In ina shago sai in ji kamar in tafi gida, in na je gida sai in ji kamar ƙasa na cizon ƙafata.

Ni saurayi ne, shekarata ashirin da bakwai. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, inda kowa da ka sani noman rani yake yi, tumatir da albasa in rani ya yi, shinkafa da damina. Ina aiki a wani shagon kwamfuta a cikin Kura, muna buga takardu da cike wa ɗalibai abubuwan makaranta ta intanet. Mai shagon, Baba Bitrus, mutumin Filato ne, Kirista, amma ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fi tawa gishiri. Abokin mahaifina ne tun suna samari, gonar albasarsa ma tana jikin tamu, magudanar ruwa ɗaya muke sha. Mu biyu ne maza a gidanmu, ni ne babba, sai ƙanena Sagir da na ba shekara huɗu, sai ƙannenmu mata.

Mahaifinmu duk garin Ɗan Ingila ake ce masa, kuma da zolaya ake faɗa. Dalili shi ne kakanmu malamin gona ne, lokacin da ake shirin buɗe aikin ban ruwan yankinmu gwamnati ta tura shi kwas Ingila, ya tafi da amaryarsa, aka haifi Baba a can, suka dawo da shi ko yaye shi ba a yi ba. Shi ke nan fa. Tun daga nan Baba bai taɓa wuce Kaduna ba. Mutum ne da za ka gan shi a cikin taɓo har gwiwa yana gyara kunya, wani ya wuce a kan babur ya ɗaga murya, "Ɗan Ingila, ya ruwa?" shi kuma ya ce, "Sai godiya, yanzu Sarauniya ta bugo tana gaishe ka." A yi dariya a wuce. Babu wanda ya taɓa ɗaukar abin da wani muhimmanci, har ni.

Bara waccan ne wani matashi daga cikin Kano motarsa ta lalace a Kura, ya shigo shagonmu zai buga wasu takardu kafin a gyara. Ina bugawa idona ya kai, na ga neman fasfon Ingila yake yi. Na tambaye shi ko a can aka haife shi, ya ce a'a, babansa ne aka haifa a can lokacin kakansa na karatu. Yana fita na hau bincike. Na karanta, na sake karantawa, na kira Baba Bitrus ya sa tabarau ya karanta da kansa. Abin a fili yake: wanda aka haifa a ƙasar a waɗancan shekarun ɗan ƙasa ne, kuma 'ya'yan da ya haifa ta hanyar aure, ko a ina ya haife su, su ma suna da haƙƙin fasfo. Ga shi Najeriya ba ta hana wanda aka haifa ɗanta riƙe fasfo biyu. Baba Bitrus ya cire tabarau ya ce, "Kai yaro, wannan ai ku duka ne, har 'yan matan." Na ce masa ya rufa mini asiri tukuna, sai na ga ko takardar haihuwar Baba tana nan. Ya ce ba komai. Aka yi sa'a kuwa tana nan, a cikin adakar kakarmu marigayiya, an naɗe ta a tsohon ɗankwali.

To a nan ne zan faɗi abin da ya sa na yi abin da na yi, ba don in wanke kaina ba, don ku gane yadda zuciyata take a lokacin. Shekara guda kafin wannan, hawan jini ya kayar da Baba a bakin gona, ɓarin jikinsa na hagu ya taɓu. Ya warke alhamdulillahi, yana magana, yana tafiya da sanda, amma shiga ruwa da sunkuyo sun ƙare masa. Tun a gadon asibiti ya ce mana, "Ba na hana kowa neman na kansa, amma ɗayanku dole ya zauna ya riƙe gonar nan da uwarku da ƙannenku." Bai faɗi suna ba, amma wa bai san wanda ake nufi ba? Ni ne babba. Sagir kuwa shi ne mai kai a gidanmu, ya samu gurbin karatun injiniya a wata kwaleji a wata jiha, kowa yana cewa wannan yaron ba na ƙauye ba ne. Ni kuma, Allah ya sani, ba na son gona. Tun ina yaro ba na so. Na tsani sanyin ruwan asuba a ƙafata, na tsani warin maganin feshi, na tsani yadda za ka yi wata da watanni kana wahala sannan masu saye su zo su tsaya a kan kwandunanka suna taya maka kamar sadaka suke ba ka. Ina ganin rayuwata ta miƙe a gabana kamar magudanar nan, ba kwana, daga gona sai kabari. Sai ga wannan ƙofa ta buɗe.

Ranar da na kawo maganar gida, bayan la'asar ne, Baba yana kan tabarma a gindin darbejiya, Umma tana tankaɗe, Sagir ya dawo daga gona yana wanke ƙafa a bakin rijiya. Na yi bayani tiryan-tiryan. Baba yana ta dariya yana cewa ashe sunan nan nasa yana da rana. Sai Sagir ya yar da butar ya taho da gudu, ƙafa ɗaya a wanke ɗaya da taɓo, ya ce, "Yaya, har da ni? Ni ma zan samu?"

Wallahi tallahi ban shirya ƙarya ba. Da gaskiya na shigo gidan. Amma da ya yi tambayar sai na ga dariyar Baba ta ɗauke, ya dube ni, ya dubi Sagir, na san lissafin da yake yi. Na san in na ce e, maganar da za ta biyo baya ita ce, to ƙaramin ya tafi tunda shi ne mai karatu, kai babba ka zauna. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "A'a, ɗan fari kaɗai dokar tasu ta ba."

Kun san abin da ya fi ci mini rai har yau? Sagir ne da kansa ya ɗaure mini ƙaryar. Ya yi murmushin yaƙe ya ce, "Ai kuwa haka Turawa suke, ko sarautarsu ɗan fari ke gada." Baba ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "To kun gani, Allah da kansa ya raba gardama. Ya ba babba tafiya, ya ba ƙarami gida. Sagir, ka yi haƙuri, kowa da inda aka ajiye masa abincinsa." Jama'a, ƙaryata ce fa mahaifina ya ɗauka ya kira ta hukuncin Allah. Ina zaune ina ji, na bar shi a haka.

Za ku ce don me Sagir bai duba da kansa ba, tunda yana da waya? Ni ma na yi ta jiran ranar da zai duba, har wani lokaci ina fatan ya duba ɗin in huta. Bai duba ba. Me zai sa ya duba? Ni ne ɗan kwamfutan gidan, ni na cike masa takardun makaranta, ni na koya masa hawa keke. In na ce masa ruwan magudana ya koma gabas ba zai je ya leƙa ba. Ya ajiye maganar karatun, ya ce wa Umma in an kwana biyu zai sake nema. Ya karɓi gona gaba ɗaya. Shi ya ɗauke ni a babur ya kai ni tasha ranar da zan je ganawa da mutanen ofishin jakadancin, yana ta ce mini, "Yaya, kada ka ji tsoron Turancinsu, ka yi magana a hankali kawai." Abin ya ɗauki watanni, ana ta neman wannan a kawo wancan, takardar auren su Baba, tawa ta haihuwa, Baba Bitrus ma ya tsaya mini a matsayin wanda ya san ni. Ranar da fasfon ya iso na kai gida, Sagir ya goge hannuwansa a jikin wando, ya sake gogewa, sannan ya ce, "Ba ni in riƙe." Ya riƙe shi da hannu biyu kamar jariri, ya buɗe ya ga hotona ya ce, "Kai, Yaya, ka zama Bature." Ya kai wa Baba, ya kai wa Umma, ya nuna wa ƙannenmu, su ma da suke da haƙƙi irin nawa suna ta tsalle suna cewa in sayo musu jaka. Na shiga ɗaki na ajiye shi kusa da koren namu na Najeriya, tun ranar ban sake jin daɗin kallonsa ba.

An tsayar cewa zan tafi in an gama kwashe tumatirin bana. Akwai wani abokin karatuna a can da ya ce zan sauka wurinsa kafin in samu abin yi. Na ce wa kaina in na je na zauna da gindina sai in bugo waya in ce an canza doka, yanzu kowa yana iya nema. Da wannan nake lallashin zuciyata. Shekara biyu ko uku ne kawai, me zai faru?

Sai tsutsa ta faɗa wa tumatir. Wanda ya san yankinmu ya san abin da nake faɗi, ka kwana da gona kore shar, kafin mako ya zagayo ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Sagir ya yi feshi har hannunsa ya saɓule, abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba. Na lura yaron ya canza. Ya daina zolayar ƙannenmu, ya daina zuwa kallon ƙwallo, kullum yana gefe yana danna waya da wasu abokansa biyu. Wata safiyar Asabar, ranar da ruwa ya zagayo layinmu, na bi shi gona don in taya shi. Muna tsaye a kan kunya muna jiran ruwa ya cika fangali, sai ya ce, "Yaya, zan faɗa maka wata magana, amma ka yi mini alkawari ba za ta kai kunnen Baba ba." Na ce na yi. Ya ce shi da abokan nan nasa sun gama magana da wani mutum, in an gama kwasar abin da ya rage za su bi ta Agadas su shiga Libiya, daga nan in Allah ya yi su tsallaka ruwa.

Na ce, "Kana hauka ne? Ka manta da ɗan gidan Malam Hadi?" Wannan wani maƙwabcinmu ne da ɗansa ya bi hanyar shekarun baya, har yau babu labari, ba a yi zaman makoki ba kuma ba a daina jira ba, uwarsa duk baƙuwar lambar da ta kira sai ta ɗauka da rawar jiki. Sagir ya ce bai manta ba, amma ai akwai waɗanda suka isa. Na ce to Baba fa, da gonar? Ya ce zai ba da ita haya, abin da za a samu ya fi abin da shi yake nomawa. Sannan ya juyo ya dube ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarsa, ya ce, "Yaya, ba hassada nake maka ba, wallahi ina taya ka murna. Amma kai an buɗe maka ƙofa, ni sai na haura katanga. Ka jira ni a can kawai, in na tsallaka ai mun zama kusa."

Wace dama ce ta fi wannan? Mu biyu ne kaɗai, babu kowa sai balbelu. Kalma nawa ce? Sagir, ƙarya na yi maka, kai ma kana da ƙofar. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na tuna yadda ya goge hannunsa a wando, na tuna karatun da ya bari, na ga idan na faɗa wannan kallon da yake yi mini na ƙauna shi ne na ƙarshe. Sai na ce masa, "Ruwa ya cika, je ka toshe." Ya tafi ya toshe.

Abin da na yi bayan wannan shi ne ya fi na farkon muni. Maimakon in faɗi gaskiyata, sai na tona tasa. Na samu Baba na ce masa ga abin da Sagir yake shiryawa. Na ce wa kaina ceton ransa nake yi, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ni na san ɗaya dalilin: in Baba ya hana shi, ya zauna, tafiyata tana nan, ƙaryata ma tana nan a rufe. Baba ya sa aka kira shi da hantsi. Ban taɓa ganin Baba a irin wannan hali ba, leɓensa na ɓarin da ya taɓu yana rawa, yana buga sanda a ƙasa. Ya ce, "Ni za ka bari in zauna kamar Malam Hadi? In ka sa ƙafa a hanyar nan ban yafe ba." Umma ta fashe da kuka tana cewa ya janye kalmar. Sagir yana durƙushe har Baba ya gama. Da ya tashi zai fita sai ya tsaya a gabana, a hankali ya ce, "Yaya, kai ne?" Na kasa ɗaga kai. Ya ce, "Kai da kake da naka a hannu, me nawa ya tsare maka?" Ya fita.

Tun ranar bai sake cin abincin gidan ba. Yana zuwa ya gaishe da su Baba da safe, ya wuce gona, ya kwana wurin abokansa. In mun haɗu a hanya zai ce "Ina kwana, Yaya," kamar yadda ake gaishe da baƙo. Na ɗauka aƙalla maganar tafiyar ta mutu. Ashe ba ta mutu ba.

Shekaranjiya na zo shago na tarar Baba Bitrus ya riga ni, abin da ba ya yi. Ya ce in rufe ƙofa. Ya ce Sagir ya same shi a gona kwana ɗaya kafin nan, ya roƙe shi in ya tafi ya riƙa sa ido a kan wanda zai karɓi hayar gonar, kuma ya riƙa leƙa Baba. Sagir ya ce masa tafiyar tana nan, zai rubuto wa Baba neman gafara in ya isa, ya san uba ba ya dawwama da fushi. Baba Bitrus ya ce shi kuma cikin mamaki ya tambaye shi, me zai kai ka sahara kai da za ka iya neman irin fasfon wanka? Sai Sagir ya yi dariya ya ce, "Ai Baba, ɗan fari kaɗai ake ba."

Baba Bitrus ya dube ni ya ce, "Wa ya faɗa masa haka?"



Ya ci gaba da cewa, "Ni da kai muka karanta abin nan a kan kujerar nan da kake zaune. Duk watannin nan ina ɗauka jira kuke naka ya fito sannan a yi na sauran. Na haɗiye maganata a gaban yaron don ban so in tozarta ka ba tare da na ji daga bakinka ba. Yanzu ina ji."

Na faɗa masa komai, ina kuka kamar ƙaramin yaro. Da na gama, don ku ga irin nisan da na yi, sai na ce masa, "Baba, ko za ka taimake ni mu ce masa sabuwar doka ce ta fito? Ka ga ya samu haƙƙinsa, ni kuma asirina ya rufu." Ya ce, "Na tsaya maka a gaban mutanen da ban sani ba na ce kai yaron kirki ne. Ba zan tsaya maka a gaban ƙanenka in yi ƙarya ba. Ni baƙo ne a gidanku, ba ni da hurumin shiga tsakanin wa da ƙane. Amma ubanku abokina ne, kuma ba zan zuba ido yaron da aka haifa a gabana ya shiga sahara a kan maganar da na san ba haka take ba. Na ba ka zuwa ranar kasuwar Bunkure. In ba ka faɗa masa ba, ni zan faɗa." Daga nan ya buɗe ƙofa ya ce in kunna inji, akwai masu jira.

To ga ni nan. Tun shekaranjiya abinci ba ya wuce mini, na buga wa wata mata takarda ɗaya sau uku duk da kuskure. Na san dole Sagir ya ji, wannan ba na gardama a kai, ko ban faɗa ba za a faɗa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda zan yi, da abin da zai biyo baya. In na same shi shi kaɗai, a halin da yake ciki zai ma tsaya ya saurare ni? In ya saurara, ba zai ce wata dabarar ce na sake ƙullawa don in hana shi tafiya ba, tunda na riga na ci amanarsa sau ɗaya a gaban idonsa? Ko ya yarda, neman fasfon nan watanni yake ɗauka, abokansa kuwa sun kusa tashi, mai zuciya a wuya zai iya jira? Ina tsoron haushina ma kaɗai ya sa ya hau motar. Sannan ga Baba. Likita ya ce a kiyaye masa tashin hankali. Ta yaya zan durƙusa a gaban mutumin da ya sa mini albarka a kan tafiyar nan in ce masa abin da ya kira rabon Allah ni na tsara shi da bakina? Ya yi wa Sagir kalma mai nauyi saboda ni. In wani abu ya same shi a wurin, wa ya kashe shi? In kuma na ɓoye wa Baba na faɗa wa Sagir kaɗai, ai ranar da za a nemi takardar haihuwar Baba a karo na biyu dole ya tambaya.

Akwai kuma abin da nake jin kunyar rubutawa, amma tunda na ɓoye sunana bari in faɗa. Har yanzu ina son tafiyar. Duk da abin da ya faru, in na tuna cewa ƙarshen maganar nan mai yiwuwa shi ne Baba ya ce Sagir ya tafi ni in zauna, sai in ji ba zan iya jurewa ba. Wani sashe na zuciyata yana cewa wannan shi ne adalci, ka ci masa shekara da karatunsa, ka biya shi da zamanka. Wani sashen yana cewa ka faɗa masa gaskiya ka hau jirgi, in ya so su daidaita a bayanka. Wane irin wa ne yake irin wannan tunanin alhali ƙanensa yana shirin shiga sahara? Ni ne. Ban san ko tuban da nake ji na gaskiya ba ne, ko kuwa don an kama ni ne kawai.

Na yi tunanin in roƙi Baba Bitrus ya zauna a tsakaninmu lokacin da zan faɗa, don Sagir ya yarda cewa wannan karon ba ƙarya ba ce. Na yi tunanin in fara da Umma, amma Umma ba ta iya riƙe kuka, Baba zai gane kafin a yi sallar azahar. Na yi tunanin in ɗauki fasfon in miƙa wa Baba in ce na fasa, ya yanke duk hukuncin da ya ga dama. Kowanne na ɗauka sai in ga inda zai fashe.

Don Allah masu ilimin addini da manya da ke wannan shafi, da duk wanda ya taɓa cutar da ɗan'uwansa ya samu hanyar gyarawa, ku taimake ni da gaggawa, ranar kasuwa ta kusa. Wa zan fara tunkara, Sagir ko Baba? In na faɗa, wajibi ne a kaina in haƙura da tafiyar in zauna a madadinsa, ko neman gafara ya isa? Ɗazu da zan taho shago na hango shi a kan kunya da injin feshi a bayansa, na rage gudun babur, ya ɗago mini hannu daga nesa, na ɗaga masa, na wuce.

Jama'a, me zan yi?